Kwamfutar gem daga kuɗin adashe: abin da na rubuta tun Janairu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ƙarshen watan nan ni ne da kwasar adashe. Mu goma ne a layin masu ɗab'i, kowa yana zuba dubu hamsin, wato naira dubu ɗari biyar za su shigo hannuna a dunƙule. Ina da wata dubu ɗari da hamsin da na tara a bukukuwan Disamba, lokacin da muka yi ta buga katin ɗaurin aure da kalanda ba dare ba rana. Idan na sayar da tsohuwar laftof ɗina, wadda fankarta ke kuka kamar injin markaɗe da zarar na buɗe manhajar zane ta CorelDRAW, ina sa ran dubu ɗari da ashirin. Jimla dubu ɗari bakwai da saba'in. Da su nake son haɗa kwamfutar tebur ta yin gem, ta farko a rayuwata, wadda kuma zan riƙa ƙarasa aikin zane a kanta idan na dawo gida.

Abokan aikina sun ce ban da hankali. Ɗaya ya ce gara in nemi PlayStation in huta, wani ya ce babur. Mai maganar PlayStation yana da gaskiyarsa: ka jona ta a talabijin, shi ke nan, ba ruwanka da sukudireba. Amma PlayStation ba ta zana katin biki, ni kuwa katin bikin nan shi ne abin da zan kare kaina da shi ranar da Yaya ya tambayi inda kuɗin adashe suka shiga.

Na kwashe makonni ina kallon Turawa a YouTube suna haɗa kwamfuta da dala ɗari biyar. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 take ta zamewa, a wannan Janairun na 2025 dala ta haura naira 1,500, don haka kuɗina ma kusan dala ɗari biyar ɗin ne a takarda. A takarda kawai. Su can da farashin Amurka suke saya, ɗakinsu da sanyi, wutarsu ba ta ƙiftawa, idan kaya bai yi musu ba kuma su mayar a ba su kuɗinsu. Ni a Kano nake, tsakiyar hunturu, yau ma sai da na kakkaɓe ƙura daga kan littafin lissafin nan kafin in buɗe shi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Bayan sallar isha na sami Yaya a kan tabarma a ƙofar gida. Inbatar gidanmu tasa ce, shi ya saya da guminsa: ƙarama ce, da batir ɗaya na ruwa da farantan sola biyu a kan rufi.

"Yaya, akwai maganar da nake so mu yi."

"Ina jin ka. Aure ne?"

"A'a, kwamfuta ce."

Ya saurare ni har na gama zuba, da maganar katin biki da komai. Bai tambayi kuɗi ba. Cewa ya yi, "Wat nawa take ja?"

Na yi shiru. Wata guda ina kallon bidiyo, na haddace sunayen katunan hoto, wato na'urorin da ke zana hoton gem a kwamfuta, kamar karatun allo, amma ban taɓa tsayawa na duba wannan ba.

Muka yi lissafi a bayan kwalin sabulu. Batirin bolt 12 ne, amfiya 200, idan ka ninka ya ba ka 2,400. Batirin ruwa kuwa ba a so a zuƙe shi ya wuce rabi, in ba haka ba shekara ɗaya ya mutu, saboda haka abin da muke da shi na gaske a dare guda bai wuce 1,200 ba. A cikinsa fankar Umma take ci, da ta ɗakin Yaya, da ƙwayayen fitila, da cajin wayoyin gida duka. Fankar sama ɗaya tana jan wajen wat saba'in.

Na koma ɗaki na sake duba katunan da nake sha'awa, wannan karon da idon Yaya. RX 580, wanda kowa ke cewa shi ne katin talaka, wat 185 yake ja. RTX 3060 yana jan 170, kuma kuɗinsa ma ya fi ƙarfina. GTX 1660 Super 125 ne. RX 6600 kuwa 132, ga shi ya fi 1660 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba, da ma'ajiya gig 8 maimakon 6. Tsakanin RX 580 da RX 6600 akwai wat 53. Kusan fanka guda ke nan.

Sharaɗin Yaya ɗaya ne: duk daren da fankar Umma ta tsaya saboda ƙwallona, da kansa zai fito da kwamfutar tsakar gida.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na kwashi adashe ranar Juma'a. Yau na nemi izini a shago na zaga titin Beirut, da niyyar tambaya kawai, kuɗin na bar su a banki don kada ido ya ja ni.

Mafi yawan abin da ke can laftof ne da kwamfutocin ofis na Baljiyam, HP da Dell jere reras. Wani dattijo mai shago ya ba ni shawarar in ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan nan na ofis in saka mata katin hoto, ya ce samari da yawa haka suke yi. Na roƙe shi ya buɗe min ɗaya. Gidan siriri ne, katin da nake so ba zai ma shiga ba. Fawa-fak ɗin ciki, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, ɗan mitsitsi ne, na kamfanin ne na musamman, ba shi da wayar nan mai baki takwas da katin ke buƙata, kuma ba a musanya shi da na kasuwa cikin sauƙi. Ga wanda zai saka ƙaramin kati mai cin wuta daga jikin madabod kawai, wato babban faifan da ake soka komai a kansa, dabara ce mai kyau kuma mai araha. Ni ba ita nake nema ba. Na yi masa godiya.

Maganar firosesa, wato na'urar da ke yi wa kwamfuta duk lissafinta, na gama yanke ta. Sabon tsarin AMD na AM5, wanda ya fito a 2022, ba ya karɓar komai sai RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) na DDR5, shi da madabod ɗinsa za su cinye kuɗin kati. Core i3-12100F na Intel yana da kyau a gem, amma ƙwaƙwalwa huɗu gare shi, ni kuma akwai aikin zane. Sai tsohon AM4, inda Ryzen 5 5500 da 5600 suke. Duk biyun a Afrilun 2022 suka fito, kowanne ƙwaƙwalwa shida, kuma 5500 ya fi araha. Bambancinsu yana cikin 'yar ma'ajiyar da ke jikin firosesan kansa: megabayit 16 ce a 5500, 32 a 5600. Abin kamar teburin mai shayi ne. Idan madara da suga da burodi duk suna gabansa, nan take zai sallame ka. Idan kuwa kowane kofi sai ya aiki yaro kanti, ka zauna jira. Gem yana son mai babban tebur.

5600G ya ɗan ja hankalina, don shi da na'urar hotonsa a ciki yake zuwa, mutum zai iya fara wasa ba tare da kati ba. Amma shi ma ma'ajiyarsa 16 ce, kuma tun da zan sayi kati, biyan kuɗin abu biyu ne a yi amfani da ɗaya. 5600 zan saya. Shi ba ya fitar da hoto sam sai da kati. Na rubuta wannan a littafi har na ja masa layi biyu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Saura ƙiris in yi ɓatan kai yau.

Wani yaro ya tallata RX 580 mai gig 8 a Facebook, dubu casa'in da biyar. Duk lissafin wat ɗin da muka yi da Yaya sai ya bi iska, abin da nake gani kawai shi ne kusan dubu ɗari biyu za su rage min, in sayi monita har da kujera. Na ce ya same ni a shagon wani abokina mai gyaran kwamfuta, mu gwada.

Katin fes, kamar yau aka ɓare shi daga leda, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan, don RX 580 tun Afrilun 2017 ya fito. Masu haƙar kirifto sun yi ta jera irinsa ɗaruruwa suna aiki ba hutu, har zuwa Satumbar 2022 da Ethereum ta daina amfani da haƙa. Daga nan aka yi ta juye su a kasuwa, wasu a wanke, a sauya musu fanka da murfi, su fito kamar amare. Abokina ya saka shi a kwamfutarsa ya buɗe GPU-Z, manhajar da ke tona bayanan kati, ya nuna min da yatsa layin da ke faɗin adadin ƙananan injinan lissafin da ke cikinsa: 2048. Cikakken RX 580 yana nuna 2304 a wurin nan. Mai 2048 ɗin wani samfuri ne da aka yi don kasuwar Sin, wanda a ƙarfi RX 570 ne aka sa wa sunan yayansa.

"Oga, gig takwas ne fa," in ji yaron.

"Na gani. Amma duba nan."

Ya duba, ya sake dubawa. Daga yadda fuskarsa ta sauya na gane shi ma haka aka sayar masa. Katin yana aiki, ba wai mushe ba ne, wanda ya san abin da yake saya a kuɗin da ya dace ba a cuce shi ba. Ni dai na dawo hayyacina. Na ba shi kuɗin adaidaita sahu muka rabu lafiya.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kati ya iso. RX 6600 na hannu, dubu ɗari biyu da tamanin da biyar, da dubu shida na mota. Lokacin da ya fito a Oktoban 2021 dala 329 aka sa masa, kuma a tsadar katuna ta wancan lokacin ko a haka ba a samun sa.

Wani ɗan ajinmu na sakandare da ke gyaran waya a Computer Village ta Ikeja ne ya nemo min. Ban tura ko sisi ba sai da ya kira ni ta bidiyo, ya sa mai kayan ya kunna FurMark, manhajar da ke gwada kati da aiki mai nauyi, na minti ashirin ina kallon zafin yana hawa har ya tsaya wuri ɗaya, fankokin biyu suna juyawa ba ƙara. Na sa ya juya bayan katin ya haska min kan sukurorin, in ga ko an taɓa kwance shi. Takardar da ke manne a kan ɗaya daga ciki tana nan ba a huda ta ba.

Duk da haka sayen kifi a ruwa ne. Kwana biyu kaya suna hanya daga Legas, na kira direban sau shida har ya daina ɗauka, kuma ban ga laifinsa ba. Da asuba na je Sabon Gari na karɓa, an naɗe shi da tsohuwar riga a cikin kwalin taliya, an ɗaure da salatif kamar layar ɗan dambe. Sai a kan hanyar dawowa na tuna ba ni da inda zan gwada shi, kati ne kawai a hannuna ba kwamfuta. Na sake komawa wurin abokina. Ya tashi lafiya. Yanzu yana cikin akwatin kayana, ƙarƙashin manyan riguna.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi sha biyu. Ba ƙarfin yawo, don haka a taƙaice.

Firosesa da madabod sun zo ta hannun wani mai shago da ya yi min oda: 5600 da fankarsa a kwali dubu ɗari da saba'in da biyar, madabod B450 ƙarami dubu ɗari da biyar. B550 na so, don shi ne ke buɗe wa kati da firosesan nan hanyar da suke musayar bayanai, wato PCIe, ta huɗu mai sauri, B450 a ta uku yake tsayawa. Bambancin a wasa kaɗan ne ga kati irin nawa, bambancin kuɗin kuwa ba kaɗan ba. Abin da na tsaya a kai shi ne tambarin da ke jikin kwalin mai nuna ya shirya karɓar Ryzen 5000. B450 ya girmi waɗannan firosesoshin, wanda ya daɗe a sito da tsohon BIOS, wato 'yar manhajar da ke tayar da madabod, ba zai tashi da su ba sai an sabunta shi, wani lokacin ma sai ka aro tsohon firosesa. Tambarin yana nan.

Fawa-fak ne ya ci min rai. An miƙo min wani mai rubutun 650W ɓaro-ɓaro, dubu ashirin da biyu, ba sunan kamfani. Na ɗaga shi, shafal kamar gwangwanin madara da aka shanye. Na karanta 'yar takardar gefensa: a layin bolt 12, inda kati da firosesa ke shan wuta, amfiya 18 aka rubuta. Sha biyu sau sha takwas 216 ke nan. Ina sauran ɗari huɗu da wani abu suka tafi? AMD cewa ta yi a nemi mai wat 450 don RX 6600. Na sayi mai 550 na kamfanin da aka sani, mai shaidar 80 Plus Bronze, dubu saba'in da biyu. Abin da ya fi burge ni a jikinsa shi ne yana karɓar wuta daga bolt 100 har 240, don a unguwarmu akwai daren da za a kawo wuta ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi.

Mai shagon ya ce, "Malam, wannan kuɗin fa da ka ƙara RAM da shi." Na ce masa idan RAM ya yi kaɗan wasa ne zai yi nauyi, idan wannan ya tashi ƙonewa kuwa da katin dubu ɗari uku zai tafi.

Saura dubu bakwai a asusu.

Juma'a, 4 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, aikin shago ya lafa, na sayar da laftof. Dubu ɗari da goma aka ba ni, ba ashirin ba, mai sayen ya ji kukan fankar.

RAM guda biyu masu gig 8, DDR4 3200, dubu arba'in da takwas. An so a ba ni guda ɗaya mai 16 a ƙasa da haka, na ƙi, don biyu suna aiki ta hanya biyu a lokaci guda, Ryzen kuma yana jin daɗin hakan. SSD, ma'ajiyar wasanni da fayiloli, irin siririn nan na NVMe, gig 512, dubu arba'in da bakwai. Na san ya yi kaɗan, EA Sports FC kaɗai cewa suke a tanadar masa gig 100. Gidan kwamfuta na hannu, baƙi, da ɗan lotsawa a gefe, dubu ashirin da biyar. Masu gilashi da fitilu masu canza launi suna ta yi min murmushi daga kan kanta, ban kula su ba.

Kuɗi suka gaza da dubu uku. Autanmu, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, ya ranta min daga kuɗin yawon Sallarsa. Ya ce ba ya son a biya shi, hannun jari ya zuba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau aka haɗa. Na fara bayan sallar azahar, a kan teburin guga, na shimfiɗa kwalin madabod na ɗora shi a kai. Kafin in taɓa komai sai in kama ƙarfen taga, saboda wutar jiki. Auta ne mai riƙe tocilan da murfin kwano da muke zuba sukurori.

Firosesan AM4 a jikinsa ƙafafun suke, 'yan siraran filoli masu ruwan zinare sama da dubu, ɗaya ya lanƙwashe ka shiga uku. Na ɗaga ɗan ƙarfen soket, na daidaita alamar kusurwa uku da ke gefen firosesan da ta jikin soket ɗin, na sake shi. Ya faɗa da kansa, ko dannawa ban yi ba. Hannuna yana rawa kamar na mai zazzaɓi. Fankar da ta zo da shi tana da man sanyaya a shafe a ƙasanta, sai dai dole a kwance robobi biyu da ke kan madabod kafin a ɗaura ta, a bar farantin baya. Na kwance, farantin ya zame ƙasa, muka yi ta lalube.

Na ɗaure madabod a cikin gida da sukurori shida, na miƙe ina jin kaina, sai Auta ya ɗago wani faifan ƙarfe mai ramuka daga cikin kwali.

"Yaya, wannan fa na ina ne?"

Murfin baya ne, wanda ake fara sakawa kafin madabod. Na kwance komai. Wajen danna shi ya yanke ni a babban yatsa, jini ya ɗiga a kan takardar bayani, shafin da ke nuna inda ake soka wayoyin maɓallin kunnawa. Waɗannan 'yan wayoyin su suka fi komai wahala, kowace da bakinta kamar ƙwayar shinkafa, rubutun jikinsu sai da muka haska da waya muka ƙara girma.

Ana kiran magariba na saka kati, na soka masa wayarsa mai baki takwas. Bayan mun dawo daga masallaci, wuta tana nan, na jona talabijin ɗin ɗakina, na yi bisimilla na danna.

Fankoki suka juya. Talabijin ya ce babu sigina.

Na kashe na kunna. Na cire RAM na mayar. Na cire ɗaya na bar ɗaya. Zufa ta jiƙa min riga, zuciyata ta tafi kan tambarin BIOS, ko ƙarya ne, ta tafi kan filolin firosesa, ta tafi kan mutum tara da zan ci gaba da zuba wa adashe har watanni. Wajen rabin sa'a ina wannan. Umma ta leƙo ta ce abinci yana hucewa, ta ga fuskata ta koma.

Auta, wanda na kora gefe, ya zagaya bayan kwamfutar da tocilan ɗinsa.

"Yaya, ai nan ƙasa ma akwai irin ramin."

A ramin HDMI na madabod na soka wayar. Firosesan da ba ya fitar da hoto, abin da na rubuta a watan Fabrairu na ja wa layi biyu. Na mayar da ita jikin kati, tambarin kamfanin madabod ya bayyana a allo. Auta ya yi ihu har maƙwabta suka ji. Ya ce jarinsa ya ƙaru.

Lahadi, 13 ga Afrilu

A cikin BIOS na tarar RAM yana gudu a 2400, ba 3200 da na biya ba. Haka suke tashi, sai ka kunna saitin XMP da kanka kafin su kai cikakken gudunsu. Na kuma gyara musu zama zuwa rami na biyu da na huɗu daga gefen firosesa, yadda takardar ta ce, don jiya cikin rikici na jera su kusa da juna. Windows 11 na saka, tun da Microsoft ta sanar za ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 ɗin tana neman wani abin tsaro mai suna TPM 2.0, wanda a AMD yana cikin firosesa, fTPM suke kiran sa a BIOS.

Sai abin dariya. Na shiga saitin allo in zaɓi 1920 da 1080, wanda dominsa na sayi wannan katin, sai Windows ta nuna min asalin talabijin ɗina: 1366 da 768. Inci 32 ne, shekara huɗu ina kallon ƙwallo a kansa ina cewa garau yake. Na sayi doki, filin sukuwa kuwa tsakar ɗaki.

Wasa ma sai a hankali. Tun da hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairu, sauke gig arba'in a waya ba abin wasa ba ne. Katin bankina na naira kuma, a wannan Afrilun na 2025, ba ya wucewa a shafukan waje. Don haka da eFootball zan fara, kyauta ne a Steam. Maigidana ya yarda in riƙa sauke shi da intanet ɗin shago bayan an tashi, in kwaso a ma'ajiyar hard disk in kawo gida.

Litinin, 28 ga Afrilu

Zafi. Da rana gari yana haura 40, ɗakina kuma rufin kwano ne, silin ɗin ma ya huje a gefe. Minti arba'in da fara wasa firosesa ya kai 84, wuri mafi zafi a jikin kati ya kai 95. AMD ta ce wannan wurin yana jure har 110, don haka ba a kai ga haɗari ba, amma fankokin suna ihu har ba na jin mai sharhi. Gidan da na saya gabansa a toshe yake, fanka ɗaya tak gare shi a baya. Araha ta nuna halinta.

Na cire murfin gefe, zafi ya sauka da kusan digiri takwas. Kwana uku kawai ƙura ta yi wa fankar kati fari, kuma na kama ɗan Yaya mai shekara biyu yana nufar ta da cokali. Na mayar da murfi. Na sayi fankoki biyu dubu tara, na kai gaban gidan wurin mai walda ya huda min ramuka, na yanko ragar sauro ta taga na manna daga ciki ta tare ƙura. Ba kyan gani, amma iska tana wucewa.

Abin da ya fi fankokin amfani kyauta ne. Na aro mitar da ake sokawa a soket daga wurin mai haɗa sola, na kunna wani wasan tsere da abokina ya ba ni aron asusunsa: kwamfutar tana jan wajen wat 245. Sai na lura katin yana zana hoto fiye da ɗari a daƙiƙa, alhali talabijin ɗin sittin kawai yake iya nunawa. Sauran duk wuta ce ake ƙonawa a banza. Na shiga Adrenalin, manhajar AMD ta saita kati, na ƙayyade shi a 60. Mita ta sauko 170, zafin kati ya dawo saba'in da wani abu, a ido kuma ban ga abin da ya ragu ba. Na ɗauki hoton mitar na tura wa Yaya. Ya amsa da babban yatsa, ba ƙari.

Asabar, 10 ga Mayu

Sabuwar matsala. Sau uku ke nan ana ɗauke wuta ina tsakiyar wasa, inbata ta karɓa, fitila ko ƙiftawa ba ta yi sosai ba, amma kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Ɗan tsaikon da inbatar ke yi kafin ta juya kan batir ya fi abin da fawa-fak zai iya riƙewa idan kati yana cikin aiki. Na ƙarshen ya tafi min da zanen katin walima da ban adana ba.

A bayan inbatar akwai ɗan maɓalli mai matsayi biyu. Na mayar da shi kan UPS, matsayin da ke juyawa kan batir nan take, aka ɗauke wuta daren Laraba, kwamfutar ko gezau. Na kwanta da murna. Da safe Yaya ya tare ni a bakin rijiya. Ashe a wannan matsayin inbatar ba ta yarda da wutar da ta yi ƙasa da bolt 180, sai ta ƙi ta ta koma kan batir. Wutar unguwarmu kuwa rabin dare a ƙasa da haka take. Batir ya kwana yana aiki ga wuta a gari, ƙarfe huɗu na asuba ya yi ƙasa, fankar Umma ta tsaya.

Ban jira ya cika alkawarinsa ba, na mayar da maɓallin da kaina. Yanzu sai zan zauna wasa ko zane nake juya shi, in na tashi in mayar, kuma na liƙa takarda a jikin talabijin don kada in manta. Maganin gaske ƙaramar UPS ce, wato na'ura mai batirinta da ke riƙe wuta, ta kwamfutar ita kaɗai, amma mai 650VA da ta cika kasuwa abin da take ɗauka na gaske bai kai wat 400 ba, kuma akwai fawa-fak da ba sa shiri da irin wutar da masu arahar ke fitarwa. Sai na sami wanda zai bar ni in kawo kwamfutar shagonsa mu gwada kafin in biya.

Jiya da daddare Yaya ya shigo ɗakina zai karɓi caja, ya tarar da ni da Auta muna buga ƙwallo. Ya tsaya a bakin ƙofa. Can ya ce a ba shi ya ga abin da ke cinye masa batir. Auta ya zura masa uku ba ko ɗaya. Ya ce fad ɗin wasan ne ba shi da kyau, nawa ake sayar da sabo?

An yi min tayin monita ta hannu, inci 24, mai 1080 na gaske, dubu sittin da biyar. Akwai ɗan ɗigo ɗaya da ya mutu a kusurwar hagu ta sama. Albashi sai ƙarshen wata, kuma dubu hamsin ɗin adashe ce farkon fita. Jibi zan koma in ji ko zai karɓi rabi ya ajiye min.